Yadda ake zaɓen ƙaramar bindiga mai babban harsashi, ga wanda ke da lasisi kuma yake son yawo da ita a jiki

Wani ƙanin abokina da ke harkar waya a Adum, nan cikin Kumasi, ya same ni a shago bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa wai in ga bidiyon wani Bature a YouTube yana riƙe da wata 'yar bindiga kamar tafin hannu, yana cewa ita ce bindiga mai harsashin .45 da ta fi dacewa mutum ya saka a ƙugu kullum. Ya ce Yaya irin wannan nake so, ƙarama ce ba mai ganinta kuma harsashinta ƙato ne. Na ce masa to zauna tukuna, a kawo mana ruwa. Abin da na faɗa masa ranar shi ne zan rubuta a nan, don ba shi kaɗai ba ne, 'yan kasuwa da yawa masu tashi daga Kejetia da kuɗi a jaka su nufi Aboabo ko Asawase ko Tafo da dare suna irin wannan tunanin.

Mataki na farko ba a shagon bindiga yake ba, a wajen hukuma yake. Wannan Baturen a Amurka yake magana, mu a Ghana muke. Dokar da ke kula da makamai a nan ita ce ta 1972, wadda ake kira NRCD 9, an yi mata gyara a 1996 da 2001. Bindigar farauta mai dogon baki harkarta ta fi sauƙi, amma fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, sai ka rubuta takarda zuwa ma'aikatar cikin gida a Accra, a bincike ka, a ga kai waye, me kake yi, me ya sa kake so, in an yarda sannan 'yan sanda su yi wa bindigar rajista da lambarta da sunanka su ba ka lasisi. Kuma lasisin ba na har abada ba ne, duk shekara ake sabunta shi, wanda ya bari ya mutu a aljihunsa to shi da marar lasisi tafiyarsu ta kusa zama ɗaya. Riƙe bindiga ba izini babban laifi ne a dokar laifuka ta 1960, Act 29, ba irin wanda za a ce a je wajen Sarkin Zango a sasanta ba ne. Saboda haka duk wanda ya ja ka gefe ya ce yana da wata mai tsabta ba sai ka sha wahalar takarda ba, ko ya nuna maka ƙirar gida ta maƙera, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka wuce. Ba ka san me aka yi da ita ba kafin ta zo hannunka, ranar da aka kama ta duk abin da ta aikata a wuyanka zai sauka, ƙirar gida kuma tana iya fashewa a hannun mai ita.

Wani abu da mutane ke tsallakewa a nan: dokar ta hana nuna bindiga ko harba ta a bainar jama'a ba tare da izini ba. To ranar da ka je karɓar takarda, ka tambayi jami'in lasisi ƙarara, wannan takardar ta ajiya a gida da shago ce ko ta ba ni damar fita da ita a jikina, harsashi nawa aka yarda in saya, wane iri. Kar ka ji kunyar tambaya, kuma kar ka dogara da abin da wani ya gaya maka a wajen mai shayi. In amsar ta zama a gida za ta zauna, to duk maganar ƙarama da ɓoyuwa ta faɗi, gara ka nemi mai cikakken girma wadda ta fi daɗin harbi.

Mataki na biyu, ka san abin da ake nufi da babban harsashi kafin ka ce kana so. In an ce kaliba faɗin harsashin ake nufi. .45 ACP faɗinsa wajen milimita 11 da rabi, John Browning ne ya ƙera shi, sojan Amurka suka ɗauke shi a 1911 tare da bindigar da har yau ake kira 1911. Kan harsashin da aka fi sani nauyinsa kusan giram 15 ne, yana tafiya wajen mita 250 a daƙiƙa, wato mai nauyi ne amma ba mai gudu sosai ba. Shi kuma 9mm na Georg Luger, wanda ya fito tun farkon shekarun 1900, kansa wajen giram 8 ne amma ya fi gudu. A tsakiyarsu akwai .40 S&W da ya fito a 1990. A ɓangaren libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa, akwai .357 Magnum na 1935 da .44 Special.

Yanzu ga abin da masu bidiyo ba sa son daɗewa a kai. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, irinsa yake dawowa baya cikin hannunka, mu muna ce masa shuri. Bindiga mai nauyi tana shanye wani kaso na shurin nan, mariƙinta dogo ne yatsunka duka sun samu wuri. To kai kuma ka zo kana son harsashi mafi nauyi a cikin bindiga mafi sauƙi mai guntun mariƙi wanda ƙaramin yatsanka ma a iska yake lilo. Kamar ka ɗora injin tipa ne a kan pragya, keken nan mai ƙafa uku. Za ta tashi, amma riƙe kan sai wanda ya iya. Harbin farko kowa yana iya yi, na biyu ne ke tona asiri, don bakin ya ɗaga sama sai ka dawo da shi kan saiti, kuma mutum in ya sha shuri sau uku sau huɗu jikinsa da kansa yake fara tsorata, ya runtse ido ya danna bakin ƙasa kafin ma kunama ta saki, sai ka ga harsashi yana faɗuwa can ƙasa ta hagu in da hannun dama kake harbi. Ni kaina haka ta faru da ni ranar da na fara gwada wata ƙaramar .45 a filin koyo, takardar da ake harbi tana mita bakwai kacal amma cikin shida biyu ne suka shiga inda na nufa, mai koyar da mu ya karɓa ya miƙo mini 9mm mai matsakaicin girma, nan take ramukan suka taru wuri ɗaya. Ban ji daɗi ba gaskiya, don na riga na gama cika baki.

Kuma ba ni kaɗai ba ne na sauko daga wannan dokin. Hukumar FBI ta Amurka, bayan wata musayar wuta da aka yi a Miami a 1986 inda jami'anta biyu suka mutu, ta bar 9mm ta koma 10mm, daga nan ta koma .40, amma wajen 2014 zuwa 2016 ta sake dawowa 9mm. Dalilinsu shi ne harsasan zamani sun inganta har bambancin bai kai yadda ake zato ba, kuma jami'ansu sun fi samun abin da suka nufa da 9mm, ga shi gidan yana ɗaukar harsashi da yawa. Ban ce .45 ba ta da kyau ba fa. Akwai mutanen da shurinta ya fi musu daɗi, don turawa take yi a hankali ba fizga irin ta .40 ba. Abin da nake cewa kar girman ramin baki ya ruɗe ka, mu a unguwanninmu gida na jikin gida, bangon wani ɗakin bai fi bulo ɗaya ba, yara suna wasa a lungu har dare, harsashin da ya kuskure ba ɓacewa yake ba, wani wuri yake zuwa.

To a ce ka ji duk wannan ka ce kai dai babbar kake so. Mataki na uku shi ne jere ɗaya ko jere biyu. Gidan harsashi mai jere biyu ya fi ɗauka amma yana sa mariƙi ya yi kauri, mai jere ɗaya siriri ne amma kaɗan yake ci. Misali mafi sauƙi a kamfanin Glock yake: Glock 30 tana ɗaukar 10 na .45 amma kakkaura ce, in an cika ta tana kusan kilo ɗaya, Glock 36 kuma siririya ce tana ɗaukar 6. Springfield XD-S ta .45 da ta fito a 2012 faɗinta wajen inci ɗaya ne, gidanta na asali 5 yake ɗauka. M&P Shield ta Smith & Wesson mai .45 ta fito a 2016, tana zuwa da gida mai 6 da mai 7. Colt Defender kuwa 1911 ce da aka gajarta bakinta zuwa inci uku. Don ka gwada, Glock 19 ta 9mm tana ɗaukar 15, SIG P365 da ta fito a 2018 duk ƙanƙantarta tana ɗaukar 10. Ka ga abin da ake biya a kan girman harsashi.

A wajen ɓoyuwa ƙarƙashin riga, abin da ke tona mutum ba tsawon baki ba ne, shi yana kwance ne cikin wando. Mariƙi ne ke turo riga, sai kauri. Shi ya sa ni a ganina in za a rage, a rage kauri, kar a rage mariƙi har ya zama yatsu biyu kawai ke riƙe. Guntun baki sosai kuma yana rage wa harsashi gudu, shi .45 da ma ba gudu gare shi ba, kuma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya tana raguwa, kuskure kaɗan a hannu sai ya zama babba a can.

Na huɗu, hannunka. Wannan ba a yi maka shi a waya. Ka riƙe ta, bayan an tabbatar a gabanka babu komai ciki, ka ga ko tsakiyar gaɓar farko ta yatsanka tana sauka kan kunama ba tare da ka karkata riƙon ba. Ka ga ko babban yatsanka yana kai wa maɓallin sakin gidan harsashi. Sannan ka ja saman nan da ke zamewa baya, sau biyar sau goma, don ƙananan .45 sifirin ɗinsu tauri gare shi ƙwarai, na ga dattijo mai ƙarfinsa ya kasa ja har ƙarshe. In kana fama da shi a shago cikin kwanciyar hankali, to ina ga hannu na rawa yana zufa. Ka sani kuma irin waɗannan in ba a riƙe su da ƙarfi ba, wuyan hannu ya yi laushi, suna cijewa, kwanson harsashi ya maƙale a hanya, ba laifin bindigar ba ne riƙon ne.

Nan ne ake shiga gardamar sefti, wato makullin da ke hana bindiga tashi. Irin 1911 ana saka ta ne da guduma, ƙarfen baya da ke bugawa harsashi ya tashi, a ɗage sefti a kulle, sai ka koyi sauke seftin da babban yatsa har ya zama jiki, kamar yadda direba ke taka kuloci bai yi tunani ba. Irin su Glock ba su da seftin da ake turawa da yatsa a gefe, tsaronsu a ciki yake da kuma kan kunamar, ma'ana duk abin da ya ja kunama, yatsa ne ko igiyar wando ko bakin riga, to ta tashi. Kowanne akwai masu shi. Wanda ba zai samu lokacin atisaye sosai ba ni ba na ba shi shawarar gajeriyar 1911, tana son kulawa kuma wasunsu suna zaɓen harsashi. Libarba kuwa, irin Ruger SP101 mai ɗaukar 5 na .357, sauƙinta shi ne ba ruwanta da laushin wuyan hannu, kuma tana cin .38 Special wanda ya fi sanyi, sai dai kunamarta nauyi gare ta, sake cika ta yana ɗaukar lokaci, kuma .357 a guntun baki ƙara da walƙiyarsa sai wanda ya ji.

Na biyar, kuma wallahi a Ghana wannan ya kusa fin duk na baya: a ina za ka samu harsashin ta halal? Dillalan da ke da lasisi a nan yawancin kayansu na bindigar farauta ne. Kafin ka rubuta sunan wata bindiga a takardarka, ka zaga wajen dillalai masu izini ka tambaya wane harsashin fistol suke kawowa a kai a kai, nawa ne kwali, kuma in gidan harsashi ya lalace ko sifirin ya gaji akwai na canji. 9mm shi ne ya fi yawa a duniya, .45 ya fi shi tsada kusan ko'ina. Bindigar da ba ka da abin gwada ta, ka saka a ƙugu shekara biyu ba ka harba ko sau hamsin ba, wannan ƙarfe kawai kake ɗauka yana ja maka wando. Sabuwa ma ana so a harba mata kamar ɗari biyu a filin da aka yarda da shi, da ainihin irin harsashin da za ka riƙa sakawa, ka ga ba ta cije ba, kafin ka yarda da ita. Yi lissafin kuɗin wannan tun yanzu ka haɗa da kuɗin mai koyarwa, in jimillar ta fi ƙarfinka to amsar ta fito da kanta.

Na shida kube, wato holsta, da bel. Mutane za su kashe dukiya a bindiga su zo su soke ta a ƙugu haka nan tsirara kamar a fim, ko su jefa a jaka tare da makullai da caja. Kar ka yi. Kube dole ya zama wanda aka yi wa wannan samfurin, ya rufe kunama ruf, ya riƙe ta ko ka sunkuya ko ka yi gudu, bakinsa kuma ya tsaya a buɗe ba ya lanƙwashewa. Na san muna da dukawa masu hannu a Zango, kuben wuƙa da takobi ba wanda ya kai su, amma fata mai laushi in ta sha zufa tana saki, gefenta yana iya naɗewa ya shiga wajen kunama, kuma tana riƙe danshi a jikin ƙarfe. Da zafin Kumasi da damina biyu a shekara, ni na fi son na roba mai tauri da ake kira Kydex. Saboda wannan danshin ne ma nake karkata ga bindiga mai jikin roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, duk da haka kowane dare a goge ta da ƙyalle mai ɗan mai. Bel kuma mai kauri, na kasuwa na ado ba zai ɗauki kusan kilo ɗaya daga safe zuwa isha'i ba.

Sai tufafinmu, wanda ba Baturen da zai yi maka bayaninsa. Batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana, yana rufe komai, faɗinsa da kaurinsa sun isa. Kaftani mai tsagu a gefe shi ma ba laifi. Jallabiya tana rufewa amma kai kanka ta rufe maka hanya, sai ka tattaro ta tun daga gwiwa, kuma wando mai mazagi ba ya riƙe kube ko kaɗan. Shadda mai sitati ta fi yadi mai laushi da ke manne wa jiki in an yi zufa. Ka gwada a gida da bindiga wadda ka cire komai daga cikinta ka duba sau biyu, harsasan ma a wani ɗaki: ka zauna, ka tashi, ka ɗaga hannu kamar za ka sauko da kaya daga kanta, ka tsuguna kamar mai alwala, ka yi ruku'u da sujada. A nan da yawa suke gane cewa abin da suka zaɓa ba zai zauna da su ba. Ka yi tunanin trotro kuma, ƙaramar bas ta haya, mutum huɗu a kujera ɗaya ƙugu na gugar ƙugu. Masallaci, banki, kotu, wajen taron siyasa, gidan biki, waɗannan ka san tun daga gida ba da ita za ka ba, don ka je ka cire ta a bayin masallaci ka ɗora a kan bulo ka manta, wannan musiba ce da ba ta da kyan ji. Ranar da za ta zauna, ta zauna a kulle.

Wanda ya kawo mu ga akwatin ƙarfe. Gidajenmu na haya ne, tsakar gida ɗaya, yaran maƙwabta suna shiga ɗakinka kamar na uwarsu. Ƙarƙashin matashi ba wurin ajiya ba ne, saman wadirob ma ba wuri ba ne, yaro ɗan shekara shida ya san ya jawo kujera. Ka sayi sef mai lamba ka kafe shi a bango kafin bindigar ta shigo gidan, ba bayan ta shigo ba. Uwargida ta san da ita, amma abokan hira ba sai sun sani ba, kuma don Allah ban da ɗaukar hoto da ita a saka a status, ɓarayi ma suna da WhatsApp, bindiga kuma tana cikin abin da suka fi nema. In ta ɓace ko an sace, ofishin 'yan sanda nan take.

Ƙa'idoji huɗu da duk mai koyarwa na kirki zai fara da su, ka haddace kamar karatun allo: kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi ciki, kar ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsa ba ya shiga wajen kunama sai saiti ya hau kuma ka yanke shawara, sannan ka san abin da kake nufa da abin da ke bayansa. Dokar Ghana ta yarda mutum ya kare kansa, sashe na 37 na Act 29 ya yi maganar, amma kai wa ga kisa sai in an kai matuƙar larura. Wanda ya fizge waya ya ruga, ko rigimar fili, ko wani ya goge maka mota a Sofoline ya zage ka, babu ɗaya da ya shiga nan. In kai mai zafin zuciya ne, ka san kanka, ko kana ɗan taɓa abin da ke juya kai, to ka bar maganar nan gaba ɗaya, ka mayar da cinikinka MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da banki ka rage yawo da tsabar kuɗi.

Shi ƙanin abokin nawa na ce masa ya fara da takarda, yayin da yake jira ya nemi filin koyo mai izini ya biya a ba shi ƙaramar .45 da matsakaiciyar 9mm ya harba kowacce a mita bakwai, harbi biyu biyu a jere, ya ajiye takardun ya rubuta suna a bayan kowacce. Na ce ya kawo mini su shago mu duba tare, wadda ramukanta suka fi taruwa ita za mu je mu tambayi dillali ko harsashinta yana samuwa. Ya ce to Yaya in duk biyun suka watse fa? Na ce sai ka sake biyan kuɗin wani satin.